Jujin Da Gara Ta Ƙi

Tawa, cikin sanyin shekarar farin nan

Zuwa ga ɗiyata Rabi,

Da sunan Allah nake farawa. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Agadas lafiya, ke da mijinki da ɗan angona Sule. Allah ya sa garin ya karɓe ku, ya haɗa ku da maƙwabta masu tsoronsa, ya tsare ku daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani.

Cikin ƙullin daddawa na cusa ta, don na san nan hannunki zai fara zuwa. Kada ki yi wa rubutun dariya. A ajin yaƙi da jahilci na koye shi da furfura a kaina, malamarmu ma haƙuri ta yi da ni. Da baki na so in faɗa miki, amma na san halinki. Sai ki sunkuyar da kai ki ce "to, Inna," maganar ta bi ta saman kallabinki ta wuce.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne maganar da mijinki ya yi ranar da ya zo sallama. Yana zaure yana ba kawunki labarin garkar da aka yanka masa a can, ni ina daga ciki ina ji. Ya ce, "Kawu, Allah ya buɗa muna. Bayan garejin manyan motoci akwai wani tsohon juji, baƙi ƙirin, ba wanda ka ɗiba. Shi za ni kwasowa in zuba ma shuka." Ludayin da ke hannuna sai da ya faɗi. Maganar babanku ce, Allah ya jiƙansa, kamar an ciro ta daga bakinsa an sa a na mijinki. Kuma Sule yana daidai shekarun da ƙanenki Buba yake a lokacin, shekarun da yaro ke kai duk abin da ya tsinta baki. Saboda Sule nake rubutun nan, ki karanta shi har ƙarshe ko da tuwo zai ƙone.

Ke ba ki ga farkon abin ba. Shekarar da fari ya share mana shanu a Takanamat, dab da soja su karɓi mulki, mun bar ki Bambeye wajen gwaggonki don can akwai sauran hatsi a rumbu. Muka shigo Tawa da jaki ɗaya, Buba yana goye a bayana. Mai unguwa ya ba mu ɗan wuri a bakin tabki, babanku ya haƙa rijiya. Ƙasar yashi ce zalla, ta gaji. Taki kuwa babu, masu yin sa suna kwance a daji ƙashi da fata. Kowa sai ya koma wa juji. Kin san al'adar masu garka: juji in ya tsufa ya yi baƙi, ya fi kashin shanu daraja a wurinsu. To, duk na cikin gari an kwashe su kafin mu iso, har faɗa ake yi a kan toka.

Wata rana babanku ya dawo yana murmushi, ya ce ya gano wani a bayan tasha, jikin wata doguwar katanga, ba wanda ya taɓa shi. Na bi shi da kwando. Rabi, har yau in na rufe ido ina ganin wurin. Rana tsaka ce, tasha tana ta hayaniya, amma gefen nan shiru. Juji yana wari, wannan ba ya wari. Kaji suna tono ko'ina, in sun zo bakinsa sai su kewaye. Babanku ya kafta fartanya ya juya, babu tana, babu gara, babu ko tururuwa. Tumfafiya da ke fitowa ko a kan dutse ba ta fito a kansa ba. Ƙasar tana da nauyi, rabin mangala ya sa jakin nishi. A ciki akwai fasassun baƙaƙen abubuwa da wasu ɓurɓushi masu launin toka.

Na ce, "Malam, mi ya hana ma gara wurin ga?"

Ya yi dariya ya ce, "Rabonmu ta bar muna."

Ni ma na yi dariya, na cika kwandona. Wannan ne kuskurena na farko, kuma da idona biyu na yi shi. Saboda haka ki ji: a shekarar yunwa, duk abin da kika tarar kyauta ba wanda ya taɓa, ki tsaya ki tambayi dalili. Kafin a zuba wata ƙasa a garkarku, a juya ta da fartanya a gabanki. In ba ki ga mai rai a ciki ba, a bar ta inda take. Sannan ki nemi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a unguwar, ki tambaye ta wace sana'a aka yi a wurin tun da. Mu ba mu tambaya ba, don muna tsoron kada wani ya ji ya riga mu.

Shuka ta yi kyau, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan in na tuna. Salati ya yi kore shar, alayyafo ya kai gwiwa, yakuwa ta buɗe. Ba tabo, ba ƙuna, ba ɗaci a baki. Matan ma'aikata suna aiko yara tun da safe. Na ɗauka Allah ya share mana hawaye.

Jakin ne ya fara. Shi muke zuba wa saiwoyi da ganyen da aka tsinke, da ƙasarsu da komai. Sai ya fara tuntuɓe a hanyar da ya sani. Daga nan ya shiga kewaya turke, yana kewayawa yana kewayawa har igiya ta naɗe. In an kwance shi sai ya tafi ya dafa goshinsa a bango ya tsaya, awa da awa, idanunsa a buɗe ba ya ganin kowa. Kuma yana cizon haƙora, wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ya mutu a tsaye, jingine da bangon. Muka ce yunwa ce da tsufa, shekarar ai dabba ba ta rasa dalilin mutuwa.

Buba kuwa a cikin garkar yake wuni. Ina ban ruwa, shi yana zaune tsakanin shuka yana cika hannu da baƙar ƙasar nan. Yaro ne mai surutu, ke ba ki san shi haka ba. Ya riga sa'o'insa magana, yana kiran jakin da suna, yana kwaikwayon ladan. Sai ciwon ciki ya kama shi, ya yi kwanaki ba ya fita bayan gida. Ya daina wasa. Kalmominsa suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Yau ya nuna ƙwarya ya kasa faɗin sunanta, gobe ya kasa faɗin nono. Yakan tsaya tsakar gida ya zuba wa wuri ɗaya ido, in kira shi in kira, kamar ina kiran wani a wancan gefen tabki. Ran nan ina tankaɗe da hantsi, sai na ji ƙarar nan a bayana, ƙarar niƙa tsakuwa. Na ce a raina, ai jakin ya mutu. Na juya, Buba ne.

Ba a yi mako ba jijjiga ta kama shi. Maƙwabta suka ce iska ce. Aka kai ni wajen wata 'yar bori a bayan kasuwa, ta dube shi ta ce, "Doguwar tabki ta. Kun zamna mata bisa hanya, ta amshe mai halshe." Na yarda, don me zai hana in yarda? Wurin da kaji ke kewayewa, jakin da ya mutu a tsaye, yaron da ke kallon abin da ba na gani. Muka yanka abin da ta ce a yanka, muka yi turare har idanu suka yi ja. Babanku ya karɓo rubutu wajen liman. Ni kuma, don in ƙara masa ƙarfi, sai na dinga zaɓo masa manyan ganyen da suka fi kyau, na waje-waje, in kakkaɓe ƙasar da gefen zanena don ruwa yana wuya, in kwaɗa masa. Da hannuna nake ba shi, ina lallashi, yana kau da kai ina bin bakinsa. Wannan ne kuskurena na biyu, kuma shi ne wanda ya fi zauna mini a ƙirji.

Ba na hana ki addu'a, ki yi ta safe da yamma. Amma in kin ga dabba da yaro sun kama ciwo iri ɗaya a gida ɗaya, kafin ki ɗaga kai sama ki nemi iska, ki duƙa ki duba abin da suke ci tare da inda suke zama tare. Ni na duba ko'ina ban da ƙarƙashin ƙafata.

Akuya ce ta cece mu. Babanku ya sayi wata ramammiya don Buba ya samu nono, ita ma ta fara kewaya turke. Ya ja ta zuwa wajen malamin dabbobi a kara, kasuwar dabbobi. Mutumin ya duba idonta, ya saurari haƙoranta, ya ce, "Akwai tsohon batir na mota gidanku?" Babanku ya ce ko keke ba mu da shi. Ya ce shi ya taɓa ganin shanun da suka lashi fasasshen batir, kuma haka suka yi. Da ya ji akwai yaro kwance, sai ya rufe ofis ya biyo shi har garka. Ya ɗebi ƙasar ya murza, ya tsinci ɓurɓushin nan mai launin toka, ya kankare shi da wuƙa. Cikinsa ya yi ƙyalli. Ya ce, "Dalma ta. Ku kai ni inda kunka ɗebo."

Muka je. Wannan karon muka kewaya katangar muka shiga ta ƙofa, abin da ya kamata mu yi tun farko. Gidan wani tsohon maƙeri ne. Shekara da shekaru sana'arsa ke nan: ya sayi mataccen batir wajen direbobi, ya fasa, ya tsiyaye ruwan tsamin a ƙasa, ya narka dalmar yana liƙin bokiti yana yi wa maharba harsashi. Toka da shara kuma a watsa ta bayan katanga. Mun same shi zaune a rana. Babanku ya miƙa masa hannu, ya kasa karɓa. Hannuwansa biyu a sake suke daga wuyan hannu, suna reto kamar jiƙaƙƙen tsumma. Da ya buɗe baki, na ga wani shuɗin zare a dasashinsa, ya bi gindin haƙora. Gidan babba ne, ga ɗakuna, amma babu kukan yaro, babu kaza, babu kyanwa.

Malamin dabbobi ya faɗa masa abin da ya kawo mu. Tsohon ya dube ni ya ce, "Na ga jakinku shina ɗiba. Na aza gini za ku yi da ita."

Na so in zage shi, amma na dubi hannuwan na rasa ta inda zan fara.

Aka kai Buba asibiti, aka ba shi magani, jijjigar ta tsaya. Maganar ce ba ta dawo ba. Ku yara kun taso kuna jin ana cewa iska ta taɓa shi, don babanku ya fi son a faɗi haka, ya fi masa sauƙin ɗauka. Ni na sha gaya muku ƙasa ce, kuna ɗauka surutun Inna ne, kamar yadda kuke ɗaukar wanke hannu da nake sa ku har fata ta yi fari.

Garkar kuwa ba mu da wata, barin ta barin abinci ne. Malamin dabbobi ya turo mana abokinsa malamin gona, wani saurayi mai babur, kuma abin da ya koya mana shi zan ba ki, don shi ne gadon da nake da shi. Ya ce dalma ba ta ruɓewa, ruwan sama ba ya wanke ta, wuta ba ta cinye ta. Abu biyu kawai ake yi: a kwashe wadda za a iya, a ɗaure wadda ta rage don kada saiwa ta sha.

Muka kankare saman ƙasar har sai da baƙin ya ƙare, bayan an yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi. Muka jera duwatsu, abin da ƙasarmu ta Adar ba ta taɓa rasawa ba, muka yi fangali masu tudu, muka cika su da ƙasar da muka ɗebo daga ƙorama nesa da gari. In garkarku tana kusa da garejin, haka za ku yi ko da ba ku zuba jujin ba, don iska da ruwa sun riga sun kai muku rabonku. Ɗaurewar kuma da abin da kika sani ne. Takin dabba wanda ya ruɓe sosai, da yawa, kowace shekara. Garin gawayi da ke taruwa a gindin buhu. Tokar kara daga murhunki, wadda kika san abin da aka ƙona, ban da tokar juji. Farar ƙasar da ake shafa wa ɗaki. Sai garin dutsen nan da ake haƙowa arewa da Tawa a niƙa, wanda malaman gona ke kira fosfat. Manoma sun raina shi don iska na kwashe shi wajen watsawa kuma ba ya nuna aikinsa da wuri. Ki cuɗa shi da jiƙaƙƙiyar ƙasa tukuna ki zuba. Malamin ya ce shi da dalma in sun haɗu sai su ƙulle, saiwa ta kasa ja. Na sa miki ƙunshi ɗaya a ƙasan buhun gero, kada ki ɗauka gari ne ki dama wa mijinki kunu.

Abin da ke kwance ɗaurin shi ne tsami. Ƙasa in ta yi tsami sai ta saki abin da ta riƙe. Don haka kada a cika zuba farin takin zamanin nan mai kama da sukari, kuma ruwan da ya gangaro daga gareji kada ya shiga shukarku, a yi masa hanya ya wuce.

Sannan shuka ba ɗaya ba ce wajen shan dalma. Masu ganye su ne kan gaba, salati da alayyafo da yakuwa da rama da shu, wato kabeji, suna sha ta saiwa kuma suna tara ƙurar a jikinsu. Sai masu zama cikin ƙasa irin karoti, waɗanda ba a ci sai an fere. Masu 'ya'ya a sama sun fi tsira, tumatir da tattasai da yalo da kuɓewa. Su za ku sa a duk inda zuciyarki ba ta kwanta ba, a kafa wa tumatir sanda kada ya kwanta a ƙasa. Ganye kuwa sai a fangali mai tudu mai sabuwar ƙasa. Ki yar da na waje-wajen, kada ki ba akuya, kada ki mayar cikin taki. Sauran ki wanke da ruwa mai yawa, ki zubar, ki sake. Ko ruwan ya yi tsada, ki rage na wanka. A shimfiɗa kara a hanyoyin garka don ƙafa ta daina tayar da ƙura. Kuma likita ya gaya mini cikin da babu komai ya fi shan dalma, shi ya sa ta fi kama yara a shekarar yunwa. Kada Sule ya fita da safe sai da nono ko fura a cikinsa.

Akwai wani ɗan yanki a kudancin garkarmu da ƙarfinmu ya ƙare ba mu kankare ba. Da damina ta dawo aka yi shekaru ana ruwa, sai na ce ai yanzu ta wanke, malamin nan yaro ne, bai san ruwan Adar ba. Na watsa yakuwa. Allah ya taimake ni na fara ba tunkiya, ta zubar da ciki, ta shiga kewaya turke. Na tumɓuke yakuwar na binne, na dasa bedi, wato dogon yaro, a wurin, su ne itatuwan da kuke cewa na ɓata wuri da su. Kada ki sa zogale a irin wannan wurin, don wata rana wani zai tsinka. Ƙasar ba ta mantawa don ke kin manta.

Na san abin da zai ja mijinki. Bana soja sun ce kowa ya yi noman rani, manya suna son in sun zo rangadi su ga kore, kuma salati shi ne mai fita da wuri, ma'aikata na saye kafin ya kai kasuwa. Mutumin kirki ne, amma yana da irin taurin kan da ke zuwa da murmushi. Kada ki yi masa maganar a gaban mutane. Ki bari ya ci ya ƙoshi, ki karanta masa wurin jakin da wurin tsohon maƙeri. In ya yi dariya, ki ce saƙon surukuwarsa ne, ai har yanzu in ya hango ni canza hanya yake yi. In ya ƙi duk da haka, to ke ki ƙi. Kada ganyen ya shiga tukunyarki, kada ya shiga ta wani ta hannunki, kada Sule ya taka garkar. Na san na rene ki a kan kunya da biyayya. A wannan kaɗai na yafe miki su.

Saura ɗaya, kuma shi ne mai nauyi. Ƙasar da muka kankare ta taru tsibi guda a bakin garka. Malamin gona ya ce a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne. Amma a lokacin cikin bukkar kara muke kwana, sanyi yana shigowa, kuma maganar tsohon maƙerin nan ta zauna wa babanku a kai. Ya ce, "Wa ka cin bango? Cikin gini ba ta cutar kowa." Na ga gaskiyarsa. Muka haɗa ta da laka muka buga tubali, ni na taka kwaɓin da ƙafata. Ɗakin da nake kwana a ciki, da katangar da ta haɗa shi da madafa, da ita aka yi su. Daga baya na gane wautar, na dinga yaɓe su da jar laka mai tsabta kowace kaka, ciki da waje. Bana babu ruwan yaɓe. Bangon ya tsage, yaɓen yana zubowa, baƙin yana leƙowa daga ƙasa, daidai tsayin yaro mai rarrafe.

Yanzu ki tuna ranar Laraba kafin tafiyarku. Kina ɗaure kaya, ina madafa, sai muka ji Sule ya tsala kuka. Kika fito kika tarar Buba ya danne shi a cinya, ya cusa masa yatsu a baki, yana wani irin gurnani. Kika fizge ɗanki, kika wanke Buba da mari, kika ce a ɗaure mahaukacin nan kafin ya kashe wani. Gida cike yake da 'yan sallama, sai na jira. Bayan kin shiga ɗaki na je na buɗe hannun Buba. Baƙar ƙasa ce a ciki, jiƙe da yawun Sule. Na duba gindin bango, ga wurin da Sule ya ɓantara, ga sawun haƙoransa ƙanana. Buba ya ja ni zuwa randa, ya nuna ruwa, ya nuna ɗakin da kika shiga, bai sake ni ba sai da ya ga na ɗauki yaron na wanke masa baki. Shekarun nan duka ina zaton bai san abin da ya same shi ba. Ashe ya sani, yana zaune da shi shi kaɗai.

Don haka ga abin da na yanke. Watanni kaɗan suka rage ki yaye Sule, kuma al'ada ta ce a kawo shi wajen kakarsa. Tun ranar sunansa nake jiran wannan. Na ɗinka masa 'yar riga, na ware masa akuya mai nono, na gama yi wa matan unguwa alfaharin angona zai tare. Kada ki kawo shi, Rabi. Ki yaye shi da kanki, ko ki kai shi Bambeye wajen gwaggonki. Gidana ba gidan da yaro zai yi rarrafe ba ne, kuma ba zai zama ba sai an yi ruwa, an jiƙa bangon nan an rushe shi, an binne shi inda ya kamata tun farko. Ban san wace shekara ce ba. Mutane za su ce Hawa ta ƙi jikanta, dangin mijinki za su ce wani abu. Su faɗa. Ina son yaron nan har ina jin ciwon son a haƙarƙarina, kuma na fi son in ji labarin surutunsa daga bakin direbobi da in riƙe shi a cinyata yana kallon bango.

In ya fara haɗa magana, ki koya masa sunan kawunsa. In kun zo ganin gida, ki tsaya da shi a zaure, a goye, ya kira shi da bakinsa. Buba yana ji sarai. Tun ranar Larabar nan bai shiga ɗaki da rana ba, yana zaune a gindin bangon, ya rufe wurin da bayansa.

Allah ya tsare hanyarku da shimfiɗarku. Ya tsarkake ƙasar da za ku ci daga gare ta da ruwan da za ku sha. Ya raya Sule, ya buɗe masa harshe, ya bar masa shi. Ya saukar mana da ruwa mai albarka, ya sa mu gana da alheri. Ki gaida mijinki.

Innarki,
Hawa